Gurbi na Uku

"Ba zan sa hannu ba, Kawu."

"A gida nake Kawu. A nan Manaja nake."

"To ba zan sa hannu ba, ranka ya daɗe."

Manaja ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake duban takardar kamar gugar za ta canza abin da ke cikinta. Takarda ce da hedkwatar kamfanin lemon kwalba ke aikowa duk shekara: sunayen ma'aikata a jere, gaban kowane suna gurbi biyu. Ɗaya an rubuta LAFIYA, ɗaya BA LAFIYA. 'Yar ƙanwarsa, mai kula da ɗakin shan magani na masana'antar, wadda kowa ke kira 'Yar Gwaji, ta sa rula da jan biro ta tsaga gurbi na uku a gefe, ta raɗa masa suna da hannunta: A BAKIN ƘOFA.

"Ƙofar ina?"

"Ƙofar ciwon suga. Mutum sittin da ɗaya. Ba su shiga ba tukuna, amma sun tuɓe takalmi."

"Waɗannan na gurbi na biyun fa?"

"Ashirin da uku. Su suna ciki, har sun shimfiɗa tabarma."

"Cikin mutum nawa?"

"Ɗari da tamanin da huɗu. Ban da kai. Gaban sunanka ban ja komai ba."

Bai tambayi dalili ba. Ya jingina, kujera ta yi kukan da ta saba. A bangon bayansa takardun yabo uku ne cikin gilashi, kowace tana shaida cewa a duk rassan kamfanin babu inda ma'aikata suka kai na nan lafiya. Gefen ta ukun an riga an buga ƙusa ta huɗu, tana jira. 'Yar Gwaji ta ga ƙusar tun shigowarta, ta kuma ga an auna tazarar da kyau.

Ya ja aljihun tebur ya fito da sabuwar takarda, fara tas, gurbi biyu kamar yadda aka halicce ta.

"Mu bi abin a hankali. Na bakin ƙofa, ke da bakinki kika ce ba su shiga ba. To lafiyarsu lau. Na cikin kuma, akwai wanda ya kwanta? Akwai wanda ya fasa zuwa aiki?"

"Babu."

"To me ya rage?"

"Jininsu."

"Jini ba ya zuwa aiki, mutum ke zuwa." Ya miƙa hannu baya ba tare da ya juya ba, ya buɗe ƙaramin firji, ya zaro kwalba mai sanyi. Ta biyu ke nan tun da ta shigo. "Ranar Alhamis da safe takarda za ta fita. Ko ta fita da sa hannunki, ko ku fita tare."

Ta ɗauki tata mai jan biro, ta bar masa farar a kan tebur.

Wata biyar ke nan da kama aikinta. Ta zo da shaidar karatun da ta fi kowa maki a ajinsu, da farar riga mai kaifin guga, da tafiyar wadda ba ta zo neman alfarma ba, duk da kowa ya san wanda ya kawo ta. Tsohon da ta gada ya yi shekara goma sha tara a ɗakin, kuma yana da nasa salon gwajin. Idan takardar hedkwata ta iso, sai ya kafa kujera a bakin get da sassafe yana gaisawa da masu shigowa. "Ina kwana?" "Lafiya lau." Ya ja layi a gurbin LAFIYA. A shekara goma sha tara ba a taɓa samun wanda ya amsa masa da wani abu dabam ba. Na'urar gwajin suga kuwa a kwalinta ta same ta, ko ledar ba a ɓare ba.

Ita ta ce jini za ta gani. Ta rubuta sanarwa da manyan baƙaƙe, ta manna a allon da ke gefen wurin sa hannu: GOBE AKWAI GWAJIN JINI. KADA KOWA YA CI KOMAI KAFIN YA ZO.

Washegari layi ya miƙe daga ƙofarta har wurin wanke kwalabe. Manaja ne ya buɗe layin don ya zama abin koyi. Ta soki yatsansa, ta dubi na'ura, ta sa babban yatsa ta rufe fuskar na'urar, ta ce za ta kawo masa ofis. Daga nan lambobi suka shiga fitowa kamar ana kiran lambar mota. Ɗari biyu. Ɗari da casa'in. Ɗari biyu da talatin. Da aka zo kan mutum na goma sha biyu, wani dattijo mai gyaran inji, sai ta ajiye allura.

"Baba, ka ci wani abu da safen nan?"

"Ko ƙwayar shinkafa."

"Ko kaɗan?"

"Shayi kawai, kofi biyu. Da na ji jiri a layi na kora da kwalba ɗaya."

"Ba ka ga sanarwa ba?"

"Na gani mana. Kin ce kada a ci. Ba ki ce kada a sha ba."

Layi gaba ɗaya ya goya masa baya. Wa ya taɓa cin shayi? Kamfani yana ba kowane ma'aikaci kwalba biyu kyauta kullum, kuma da yake ciki babu komai, yawancinsu a tsaye cikin layin suka shanye rabonsu. Hayaniyar ta fito da Manaja. Ya tsaya a kan matakala ya yi musu dariya son ransa, ya ce mai ilimi ya san idan likita ya ce ci, har da sha yake nufi. Shi tun abincin jiya bai sa komai a baki ba, su tambayi matarsa.

Shekara huɗu 'Yar Gwaji tana karatu da harshen wasu, ta dawo gida harshen uwarta ya kayar da ita a gaban mutum ɗari da ɗoriya. Ba ta yi musu ba. Ta zubar da sakamakon duk wanda ya sha, ta manna sabuwar sanarwa: KADA A CI, KADA A SHA, SAI RUWA ZALLA. Kafin la'asar wani ya ƙara da fensir a ƙasa: "Tsotsa fa?" Ta ɗauko jan biro ta ƙara: KADA A TSOTSA, KADA A LASA.

Safiya uku ta yi tana maimaita gwajin. Duk wanda nasa ya hau ta sake kiransa wata rana, don sau ɗaya ba hukunci ba ne. Ta aro tef ɗin ɗinkin innarta tana zagaya cikin mutane da shi. Ta tambayi shekaru, ta auna hawan jini, ta tambayi wa ya taɓa yin ciwon a gidansu, da awa nawa mutum ke yi a zaune. Wani akawu ya shafa tumbinsa ya ce mata wannan ba ciwo ba ne, rufin asiri ne. Ta ce rufin ya yi nauyi, ta rubuta lambar.

Abin da ya fito bai yi wa kowa daɗi ba. Masu lodi, waɗanda ke wuni da kiret a kafaɗa kuma ba wanda ke gaishe su da farko, kusan duk jininsu garau. Ofisoshin bene, inda ake da fanka da kujera mai juyawa, da ƙyar ta tsinci mutum huɗu. Direbobi rabi da rabi. Matan da ke zaune kan kujeru suna duba kwalabe na wucewa, musamman waɗanda suka haura arba'in, sun cika gurbi na uku. Sai kuma mai gyaran wuta, siriri kamar sanda, wanda mahaifinsa da baffanninsa biyu duk ciwon ya ɗauke su.

"Ni?" ya ce, yana ɗaga riga. "Malama, dubi nan. A ina zan ajiye suga?"

Kowa ta ba shi 'yar takardarsa a hannu, ta yi masa bayani a ɗaki shi kaɗai. Na ciki su je asibiti. Na bakin ƙofa su rage kwalba, su rage loma, su taka ƙasa da ƙafarsu, ƙofar tana iya rufuwa suna waje. Ba a yi mako ba sunanta ya canza. Idan ta ɓullo ta wurin cin abinci sai a ji wani ya ce ƙasa-ƙasa, "Ga Bakin Ƙofa nan," kwalabe su sauka ƙarƙashin tebur.

Washegarin ranar da ta ƙi sa hannu, Babban Direba ya yi sallama a ƙofarta. Shekara ashirin da bakwai yana jan babbar motar kamfani. Ya cire hula, ya zauna a bakin gadon gwaji, ya ɗora hular a gwiwa.

"'Yata, an ce kin sa ni a gurbi na biyu."

"Jininka ya sa ka, Baba. Sau biyu na gwada."

"Lafiyata lau."

"Daga nan zuwa babban sito, sau nawa kake tsayawa kama ruwa?"

"Wannan tsufa ne."

"Allunan hanya fa? Kana karanta su daga nesa?"

"Na haddace su tun ba a haife ki ba."

Ta dubi ƙafarsa ta hagu. An yanke gaban takalmin da reza don yatsu su sha iska. Ta durƙusa ba tare da ta nemi izini ba, ta kwance tsumman. Ɗan yanka ne na ƙarfen mota, in ji shi, wata biyu da suka wuce. Har yanzu yana ruwa, gefensa ya fara duhu.

"Idan hedkwata ta ga BA LAFIYA gaban sunan direba," ya ce yana kallon saman kanta, "kin san abin da ke biyo baya. 'Ya'yana uku suna makaranta."

"Mutane na shan magani su yi shekaru suna tuƙi. Zan rubuta haka a ƙasan takardar."

"Su ba sa karanta ƙasa. Gurbi suke kallo."

Ta ci gaba da wanke ciwon.

"To ko bakin ƙofar ki mayar da ni. Ai ke kika gina ta."

"Baba, ka wuce ƙofa. Kana uwar ɗaka."

Ta naɗe ƙafar da sabon bandeji, ta rubuta masa takardar zuwa babban asibiti, ta ja layi biyu ƙarƙashin kalmar "yau". Ya ninke ta sau huɗu ya tura cikin hula, ya sa hular a ka. A bakin ƙofa ya juyo.

"Allah ya ba ki mai tsaya miki yadda kika tsaya mini."

Ta ce amin, don ba ta ga abin da za ta janye ba.

Ranar Laraba da yamma ta tarar da innarta a kan keken ɗinki, amma keken ba ya juyawa. Matar Kawu ta kira, kuma daga yadda aka ajiye wayar a kife kan yadi, kiran ya yi tsawo.

"Uwata, zauna."

Sunan kakarta aka sa mata, shi ya sa daga Inna har Kawu ba mai kama sunan. Ta zauna a kan buhun ƙyallaye.

"Lokacin da baffanninki suka ce karatun ya isa haka, wa ya tsaya?"

"Kawu."

"Wa ya ɗauki akwatinki a ka daga tasha har ɗakin kwanan ɗalibai, da babbar rigarsa, mutane na kallo?"

"Kawu ne, Inna."

"To shi ne yau za ki tsaya a gabansa da jan biro?"

"Ya kai ni in koyi gani ne. Na gani."

"Ji bakin nan. Tun kina ƙarama idan aka ce ki zauna sai kin tambayi a kan me." Inna ta zare zare daga allura, ta sake zura shi, ba don ya fita ba. "Layi ne fa kawai. Ki ja masa inda yake so, ki ci gaba da yi wa mutanenki wa'azi a ɗaki. Wa ya hana ki?"

"In na rubuta lafiyarsu lau, da wane baki zan ce su je asibiti? Takardar za su nuna mini."

Ta dubi hoton da ke saman kabad. Kaka ce a zaune, da baƙin tabarau, ƙafafunta a lulluɓe. Ido ne ya fara tafiya, aka ce tsufa. Yatsun ƙafa suka bi, aka ce sanyi. Duk wanda ya shigo gaishe ta, har satin da ta rasu, amsa ɗaya yake samu.

"Kaka ma lafiya lau take cewa."

"Kada ki sa uwata a cikin wannan."

"Tana ciki tuntuni, Inna. Tana jininki, tana jinin Kawu, tana nawa."

Inna ma ta bakin ƙofa ce. 'Yar Gwaji tana da 'yar ƙaramar na'urarta da ta saya tun tana ɗaliba, duk Asabar tana sokin yatsan innarta da ita. Inna ta rage sukarin shayi zuwa cokali ɗaya, idan ana kallo.

"In ya kore ki, ni ce zan rasa ɗan'uwa," ta ce daga ƙarshe. "Ke aiki kawai za ki rasa."

Ta taka keken, ya ɗauki ƙara, magana ta ƙare.

Ranar Alhamis ta yi guga fiye da kullum. Ta tarar da farar takardar tana nan inda ta bar ta, an ɗora mata biro a kai, an cire murfin.

"Uwata," in ji Manaja. Bai taɓa kiranta haka a ofis ba. "Zauna mu yi magana irin ta gida."

"Ka ce a nan Manaja kake."

"Yau na yafe." Ya haɗe yatsu kan tumbi. "Ni ba na jayayya da karatunki. Amma ki duba. Ranar farko kin tara mutane, kin ɓata wa kamfani yini guda, saboda ba ki iya rubuta layi biyu ba. Wadda ta kasa raba ci da sha, yaya hedkwata za ta yarda ta iya raba mai lafiya da mara lafiya? Ina rufa miki asiri ne."

"Na yi kuskure ranar, ban ɓoye ba. Duk wanda ya sha na zubar da nasa, na sake. Mutum ɗaya ne bai sha ba."

Ta buɗe littafinta, ta juyo masa shi. Layin farko na shafin farko.

"Ɗari biyu da arba'in da bakwai. Daga ɗari da ashirin da shida ake cewa an shiga. Sau ɗaya ba hukunci ba ne, shi ya sa na bar gurbinka. Sau uku na aiko a kira ka, aka ce kana taro."

Ya dubi lambar. Ya cire tabarau, wannan karon bai goge ba.

"Na sha shayi ranar."

"A kan matakala ka ce ba ka sa komai a baki ba. Ka ce a tambayi matarka."

"Na manta ne."

"To ka zo gobe, kada ka manta."

"Ke dai ba a yi miki gwaninta."

"Kawu, ruwan da kake sha fa? Sau nawa kake fita a tsakiyar taro? Sakatariya ta ce ka sa a ƙara girman rubutun wasiƙu. Shekarunka hamsin da shida, kuma kai ɗan Kaka ne."

Ya mayar da tabarau. Da ya sake magana, Manaja ne ya dawo.

"Za ki sa hannu?"

"A kan tawa, na riga na sa."

Ya danna ƙararrawa. Sakatariya ta shigo da ambulan, idonta a ƙasa. Wasiƙar sallama ce, an buga ta tun ranar Litinin. Dalili: sakaci da rashin ƙwarewa. An maƙala hujja a baya, sanarwarta ta farko, da ramukan ƙusoshin allo a kusurwa huɗu. Wani ya ciro ta daga kwandon shara ya goge ta, ya adana tsawon makonni. Ta yaba da wannan tsari a ranta. Ashe akwai abin da ake ajiyewa da kyau a masana'antar.

Tana tattara kayanta ta hango sakatariya ta taga, ita ma 'yar gurbi na uku, tana jan layi a farar takarda daga sama har ƙasa. Minti goma sha biyu mutum ɗari da tamanin da biyar suka warke. Aka aika mota ta ɗauko tsohon da ya yi ritaya ya sa hannu. Ya gaisa da kowa a hanya, kowa ya tabbatar masa.

Ta naɗe tef ɗin innarta ta sa a jaka, ta rataya farar rigar a hannu. Ba ta bi ta ƙofar baya ba. Ta ratsa wurin cin abinci a daidai lokacin da ya cika, kanta a sama. Kwalabe suka fara sauka ƙarƙashin tebur, sai wani ya raɗa wani abu, suka hau dawowa ɗaya bayan ɗaya. A get, maigadi ya buɗe mata ƙaramar ƙofa.

"Bakin Ƙofa, yau kin wuce ta."

"Kai kana nan a kanta, Baba. Ɗari da goma sha tara. Ka rage kwalba."

Bayan wata biyu ƙusa ta huɗu ta samu abin ɗauka.

Ita kuwa ta shiga zagayen asibitoci da ɗakunan gwaji. Ko'ina ana yaba makinta, sannan a nemi takarda daga inda ta baro. Takan miƙa wasiƙar da sanarwar a maƙale, ba ta cire ta, ta kuma yi bayani da kanta. Wasu su yi dariya har da hawaye, su ce za su kira. Ta koyi yi wa innarta ƙarin hannun riga da dasa maɓalli. Farar rigar tana rataye bayan ƙofa, duk Lahadi tana sauke ta ta goge.

Labarin Babban Direba ya iso ta bakin mai gyaran wuta. Ya kai takardar asibiti, amma sai bayan mako uku, da sunan ya je gaishe da 'yan'uwa. An cire masa yatsu biyu, ƙafar ta tsira. Yana shan magani a ɓoye, an yi masa tabarau, yana kan motarsa, tunda takardar hedkwata ta ce lafiyarsa lau. Ƙaryar Kawu ta riƙe masa aiki, takardarta ta riƙe masa ƙafa. Rannan ta haɗu da direban a kasuwa, ya tsaya duba wani tulin bokitai har ta wuce.

Kawu bai ƙara taka gidan ba. Inna ba ta ƙara ambatarsa ba, sai dai idan mota ta tsaya a layin, keken yakan yi shiru na ɗan lokaci.

Wata Asabar da sassafe, tana shara, motar ta tsaya da gaske. Shi ke tuƙi, babu direba. Bai kashe inji ba, bai fito ba. Ya rame a wuya, kwalar riga ta yi masa yawa. Gilashi ya sauka, hannu ya fito, yatsa ɗaya a miƙe.

"Ban ci ba," ya ce yana kallon gaba. "Ban sha ba." Ya gyara tabarau. "Ban tsotsa ba."

Ta jingina tsintsiya, ta shiga ta ɗauko na'urarta. Ɗari biyu da sittin da takwas. Ta juya masa fuskar na'urar, ba ta rufe ba. Ta rubuta masa takardar ganin likita a kan murfin motar.

"Ka shigo ku gaisa da Inna."

"Ina sauri. Kada ta ji."

Inna tana bayan labule, ta ji komai.

Tun daga ranar duk Asabar yake zuwa, ya tsaya daidai bakin ƙofa, ya miƙo yatsa. Lambar tana sauka a hankali. Ɗari biyu da goma. Ɗari da tamanin. An ce ya sa an fitar da firjin daga ofis, wai ƙararsa na damunsa. An ce da yamma ana ganinsa yana zagaya katangar masana'anta da ƙafa, wai yana duba tsaro. Rabon kwalba biyu yana nan ga kowa, takardun yabo huɗu suna nan a bango. Bai taɓa ɗaga maganar aiki ba, ita ma ba ta taɓa ba shi wannan daɗin ba.

Sau ɗaya ne, da rana ta fito da wuri tana dukan gilashi, ya danna auduga a yatsa ya ce, "Da kin sa hannu, da yanzu a ofis kike yi mini wannan, cikin inuwa."

"Da na sa hannu, ranka ya daɗe, ai lafiyarka lau. Me zai kawo ka?"

Ya ɗaga gilashi. Asabar ta gaba ya dawo.

Wata goma sha ɗaya ke nan. Ba ta da aiki. Takardar da ke jakarta ta ce ba ta iya rubuta sanarwa ba. Inna da Kawu ba su ƙara zama a ɗaki ɗaya ba, kuma Inna ta san wa za ta kalla idan ta tuna. Cikin mutum tamanin da huɗu da ta faɗa wa gaskiya, biyar ne ke amsa gaisuwarta. Abin da gurbi na uku ya ci mata ke nan, kuma har yau bai gama ci ba.